Yadda ake ɗora tsofaffin gilasan kyamara a kan kyamarar zamani ta hanyar adafta

Gilashin kyamara ba ya tsufa yadda jikin kyamara ke tsufa. Jikin kyamarar dijital na iya zama tsohon yayi cikin 'yan shekaru saboda manhajarsa da sensa, wato ɗan farantin da hoto ke sauka a kai a madadin fim, amma gilashin da aka ƙera da ƙarfe da tagulla a shekarun 1960 ko 1970 yana nan yana tattara haske kamar ranar da ya fito daga masana'anta, matuƙar an adana shi da kyau. Kamfanoni irin su Nikon, Canon, Asahi Pentax, Minolta, Olympus da Carl Zeiss sun ƙera irin waɗannan gilasai masu ɗimbin yawa kafin fokas (daidaita gilashi har hoto ya fito tar) mai sarrafa kansa ya mamaye kasuwa, wato bayan fitowar Minolta 7000 a 1985. Abin da ke mayar da su bakin aiki a yau shi ne adafta, wani zoben ƙarfe da gefensa ɗaya ya dace da bakin tsohon gilashi, ɗaya gefen kuma ya dace da bakin sabuwar kyamara.

Kafin a sayi komai, akwai awo guda da ya wajaba a fahimta, domin kusan duk nasara ko asarar da ake yi a wannan harka daga gare shi take fitowa. Kowane gilashi an tsara shi ne ya zauna a wata tazara takamaimai daga fim ko sensa, kuma ana auna wannan tazara daga fuskar ƙarfen bakin kyamara zuwa inda hoto yake sauka. Idan ka duba saman kyamararka da kyau, za ka ga wata 'yar alama ta da'ira da layi ya ratsa tsakiyarta. Wannan layin shi ne daidai inda sensa take a ciki. A bakin Nikon F, wanda ya fito a 1959, tazarar milimita 46.5 ce. A bakin M42 mai murɗawa kamar sukuru, da kuma Pentax K da ya gaje shi a kyamarorin Pentax a 1975, milimita 45.46 ce. Olympus OM yana da 46, tsohon bakin Minolta yana da 43.5, Canon FD kuma 42. Waɗannan duka kyamarori ne masu madubi a ciki, kuma madubin da ke ɗagawa lokacin ɗaukar hoto shi ne ya tilasta barin wannan fili mai yawa. Kyamarori marasa madubi ba su da wannan larura, shi ya sa tazararsu ta gajarta ƙwarai: Sony E milimita 18, Fujifilm X 17.7, Micro Four Thirds 19.25, Canon RF 20, Nikon Z kuma 16 kacal.

Aikin adafta, a taƙaice, shi ne cike gurbin da ke tsakanin lambobin biyu. Idan za a ɗora gilashin M42 a kan Sony E, kaurin adaftar dole ya zama milimita 45.46 a cire 18, wato 27.46, kuma babu abin da ke cikinta sai iska. Daga nan ne ƙa'idar ta fito fili: tazarar gilashi dole ta fi ta kyamara tsawo, da ragin da zai isa a ƙera zobe a tsakani. Wannan ne dalilin da ya sa harkar ta bunƙasa bayan fitowar Micro Four Thirds a 2008, da Sony E a 2010, sannan ta ƙara ƙarfi a 2013 lokacin da Sony A7 ta zo da sensa mai girman fim na milimita 35 a jiki marar madubi. A kan irin waɗannan kyamarori, kusan kowane tsohon gilashi na kyamara mai madubi yana hawa.

Mai kyamarar dijital mai madubi kuwa sai ya yi lissafi a tsanake. Canon EF, mai tazarar milimita 44, yana karɓar Nikon F da M42 da Olympus OM ta hanyar siraran adaftoci, na Nikon ma kaurinsa milimita 2.5 ne kawai. Amma abin mamaki, ba ya karɓar Canon FD na gidansu, domin 42 bai kai 44 ba, kuma babu yadda za a yi gilashi ya nutse cikin jikin kyamara da milimita biyu. Haka nan jikin Nikon F, da yake tazararsa na cikin mafiya tsawo, ba ya jituwa da yawancin gilasan wasu kamfanoni. Idan aka ɗora gilashi nesa da inda ya kamata ya zauna, zai riƙa fitar da abubuwa na kusa, amma duk abin da ya yi nisa, dutse ne ko gini ko wata, ba zai taɓa fitowa tar ba. Akwai adaftocin da ake saka wa ɗan fallen gilashi a ciki don gyara wannan matsala, kuma shawarata ita ce a guje su idan da hali. Suna ƙara tsawon hange kaɗan, wato lambar milimita da ke nuna yadda gilashi ke jawo abu kusa, suna rage haske, kuma masu araha daga cikinsu suna sa hoto ya yi dishi-dishi idan ƙofar haske, wato ramin cikin gilashi da ake faɗaɗawa ko tsukewa, tana buɗe, har ya zamana an zubar da ainihin abin da aka je nema a wurin tsohon gilashin. Wani haɗarin kuma na masu Canon mai babbar sensa ne, irin jerin 5D: bayan wasu gilasai yana shiga ciki sosai idan an juya fokas zuwa nesa, har madubi ya buge shi lokacin da yake ɗagawa. A nemi tabbaci a kan takamaiman gilashin kafin a danna.

Mataki na gaba shi ne gane bakin gilashin da ke hannunka, kuma a nan mutane da yawa suke yin kuskuren dogara da sunan da ke rubuce a gaba. Vivitar da Tamron da Sigma da Tokina sun riƙa fitar da gilashi iri ɗaya da bakuna daban-daban, saboda haka sunan ba ya gaya maka komai game da adaftar da za ka saya. Juya gilashin ka duba bayansa. Sau da yawa akwai gajeren rubutu kusa da bakin, kamar PK ko OM ko MD ko FD ko N/AI. Idan babu, siffar ce za ta yi magana: M42 tiredi ne zalla, sau da yawa da ɗan siririn fil guda a tsaye, tsohon FD yana da zobe mai launin azurfa da ake murɗawa ya ƙulle gilashin alhali jikinsa bai motsa ba, tsofaffin Nikon kuma suna da wasu 'yan kunnuwan ƙarfe biyu a kan zoben ƙofar haske. Akwai tarko biyu da suka cancanci ambato. Bakin T, wanda ake samu a dogayen gilasai masu araha, shi ma faɗinsa milimita 42 ne, amma tazarar tiredinsa 0.75 ce, ta M42 kuwa milimita ɗaya ce cif. Zai fara shiga kamar ya dace, sannan ya cije, kuma wanda ya matsa da ƙarfi zai lalata tiredin duka biyu. Na biyu shi ne M39, bakin tiredi mai faɗin milimita 39: na Leica tazararsa milimita 28.8 ce, amma tsofaffin kyamarorin Zenit na Tarayyar Sobiyet sun yi amfani da tiredi mai wannan faɗin da tazarar da ta haura milimita 45, don haka adaftar ɗaya ba ta yi wa ɗayan aiki ko da ya murɗu lafiya lau.

Game da ita kanta adaftar, ba dole ba ne a sayi mafi tsada, amma ƙira mai kyau tana da alamomi. Ta zama ta ƙarfe, ta shiga bakin kyamara da santsi ba tare da an yi kokawa ba, ta yi ƙas idan ta ƙulle, kuma idan ka riƙe gilashin ka ɗan girgiza kada ka ji yana wasa. Cikinta ya zama baƙi marar sheƙi, domin sensa tana mayar da haske fiye da yadda fim yake yi, kuma ciki mai ƙyalli yana jefa wani farin hazo a tsakiyar hoto idan an fuskanci haske mai ƙarfi. Masu ƙera adafta sukan rage kaurinta da ɗan ƙanƙanin abu da gangan don tabbatar da cewa kowane gilashi ya kai nesa, sakamakon haka za ka ga abu mai nisa ya fito tar tun kafin zoben fokas ya kai alamar ∞ mai nuna ƙarshen nisa. Wannan ba lalacewa ba ce, sai dai yana nufin ba za ka ƙara juya zoben zuwa ƙarshe ka danna da ido rufe ba, kuma lambobin nisa da ke jikin gilashin sun ɗan kauce. Inda abin yake da tasiri na gaske shi ne a gilasai masu faɗin hange da waɗanda wasu fallayensu na ciki ke motsi dabam lokacin fokas, domin ƙaramin kuskure a tazara yana ɓata musu gefunan hoto. Gwaji biyu sun isa a ranar farko. Ɗauki hoton wani abu mai nisa ƙwarai da ƙofar haske a buɗe don ganin ko gilashin ya kai. Sannan ka kafa kyamara daidai gaban bango mai laushin zane, ka ɗauka, ka kwatanta kusurwoyi huɗu; idan gefe ɗaya ya fito ɗaya ya dushe, ko dai adaftar ta karkace ko gilashin ya taɓa faɗuwa.

Batun ƙofar haske ya fi kowane ɓangare rikitar da sabon shiga. A tsofaffin kyamarori, gilashi yana zama a buɗe don mai hoto ya ga haske sosai a tagar leƙe, sai a daidai lokacin dannawa wani ɗan hannu a jikin kyamara ya tura fil ko harshe a bayan gilashin, ganyayyakin ƙofar su tsuke zuwa lambar da aka zaɓa. Adafta ba ta da wannan hannun mai motsi, saboda haka dole a sami wata hanya. A Nikon F da Pentax K da Minolta abin da sauƙi, domin da zarar an raba su da kyamararsu, ganyayyakin suna bin zoben kai tsaye. A M42 sai an lura. Gilasai da yawa, kamar Super-Takumar, suna da ɗan maɓalli mai nuna A da M. A tura shi zuwa M, shi ke nan. Wasu kuwa, kamar Helios 44M-4, ba su da maɓallin, kuma ƙofarsu ba za ta taɓa tsukewa ba sai an danne fil ɗin, don haka suna buƙatar adafta mai ɗan leɓe a ciki wanda zai danne shi idan an murɗa gilashin har ƙarshe. Adaftar Canon FD tana da nata zoben mai rubutun Open da Lock. Ana ɗora gilashin zoben yana Open, a tabbatar fil ɗin adaftar ya faɗa gefen da ya dace na harshen gilashin, sannan a juya zuwa Lock. Idan ka juya zoben lambobin ka leƙa ta gaba ba ka ga ramin yana raguwa ba, to fil ɗin ya kauce, sai a cire a sake ɗorawa.

Yanzu sai saitin kyamara. Da yake babu waya ko ɗaya tsakanin gilashin da jiki, kyamarar tana ɗauka babu komai a bakinta, kuma da yawa za su ƙi ɗaukar hoto har sai an shiga jerin saituna an kunna izinin ɗauka ba tare da gilashi ba. Bayan haka a zaɓi yanayin A, wanda Canon ke rubutawa Av, inda kai ne ke juya ƙofar haske da hannu, kyamara kuma ta auna hasken da ya shigo ta zaɓi saurin labule, wato tsawon lokacin da haske zai sauka a kan sensa. Ko kuma yanayin M ga mai son riƙe komai da kansa. Yanayin S da P, inda kyamara ce ke zaɓar ƙofar haske, ba su da amfani a nan tunda kyamara ba ta iya taɓa ƙofar. Idan jikin yana da na'urar hana rawar hannu a sensa, wajibi ne a shigar masa da tsawon hangen gilashin da hannu, kuma lambar da ke rubuce a jikin gilashin ake sakawa, 50 ko 135, ba tare da wani lissafi ba. Wanda ya sauya daga 135 zuwa 28 ya manta bai gyara lambar ba zai ga na'urar da aka yi don ta tsayar da hoto ita ce ke girgiza shi. Haka kuma fayil ɗin hoton ba zai ɗauki sunan gilashi ko lambar ƙofar haske ba, saboda haka mai son koyo daga hotunansa ya riƙa rubutawa a gefe.

Girman sensa yana sauya abin da gilashi ke gani. A kan sensa mai girman fim, gilashin milimita 50 yana nan a matsayinsa. A kan ƙaramar sensa da ake kira APS-C ana ninkawa da 1.5, ko 1.6 a Canon, sai ya ba da hange irin na 75 ko 80, a kan Micro Four Thirds kuma irin na 100. Wannan alheri ne ga mai hoton fuska, amma takaici ne ga mai neman faɗi, domin tsohon 28 da ake ji da shi ya koma gilashi na tsaka-tsaki. Akwai adafta ta musamman mai gilashi da ke maganin wannan, wadda Metabones ya fitar a 2013 da sunan Speed Booster. Tana tattara hoton ta rage shi da 0.71, sai faɗin ya dawo kusan yadda yake a fim, hasken kuma ya ninka. Ita dabam take da masu gyaran nisa da na ce a guje su, amma tana aiki ne kawai idan gilashin na kyamara mai madubi ne kuma sensar ƙarama ce.

Fokas da hannu shi ne zuciyar aikin, kuma a ganina kyamarar zamani marar madubi ta fi tsohuwar kyamarar fim sauƙaƙa shi. Akwai kayan taimako biyu. Na farko yana shafa launi, ja ko rawaya ko fari, a gefunan duk abin da ya fito. Yana da sauri, yana da kyau ga abin da ke motsi ko idan ƙofar ta tsuke zuwa 5.6 ko 8, amma a 1.4, inda ƙofar take a buɗe sosai, yakan yi ƙarya, ya haska gashin gira da kunne a lokaci guda alhali ɗaya ne kawai ya fito. Na biyu shi ne faɗaɗa wani ɓangare na hoton a tagar leƙe, kuma shi ne abin dogaro. Ka ɗora shi a kan maɓallin da babban yatsanka ke kaiwa ba tare da ka ɗaga ido ba. Idan hoton mutum kake ɗauka, kai akwatin kan idon da ya fi kusa da kai, ka faɗaɗa, ka juya zoben a hankali har ka wuce wurin kaɗan, sannan ka dawo. Za ka ga gashin ido ya rabu ɗaya-ɗaya, ɗigon hasken da ke cikin ƙwayar idon ya tsuke ya zama ƙarami. Nan ne wurin. Daga nan kada ka ƙara taɓa zoben, idan mutumin ya ɗan motsa sai ka bi shi da jikinka, gaba ko baya kaɗan. A al'ada ana yin fokas da ƙofa a buɗe sannan a tsuke, domin a buɗe ne kuskure ya fi bayyana, amma wasu gilasai masu babbar ƙofa suna ɗan matsar da wurin fokas idan an tsuke su, don haka idan haske ya wadata, gara a sake dubawa a lambar da za a ɗauka da ita. Hannu kuma yana buƙatar sabo, musamman da yake zoben Nikon da na Pentax suna juyawa ne akasin na Canon da Minolta.

Wajen zaɓen gilashi, lafiyarsa ta fi sunansa muhimmanci. Buɗe ƙofar gaba ɗaya, ka haska ƙaramar tocila ta baya a karkace, ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce, kusan kowane tsohon gilashi yana da ita kuma ba ta fitowa a hoto. Abin tsoro shi ne fumfuna, wadda ke bayyana kamar saƙar gizo tana tasowa daga gefe, domin idan ta daɗe tana cinye rufin gilashin, wato siririn shafen da ke rage ƙyalli, ta bar tabon da ba ya gogewa. Hazo a ciki yana kashe bambancin haske da duhu fiye da yadda ƙarcewa a fallen gaba ke yi, kuma ƙarcewa a fallen baya ta fi ta gaba illa. Dubi ganyayyakin ƙofa: su kasance a bushe, su tsuke su buɗe nan take, idan suna ƙyallin mai ko suna jan jiki, giris ya narke ya gangaro musu. Zoben fokas ya juya da nauyi iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan ka ga tsohon Super-Takumar 50 mai ƙofar 1.4 ya yi ruwan ɗorawa, sinadarin toriyam mai fitar da ɗan tiririn radiyeshan da ke cikin gilashinsa ne ya jawo, kuma ajiye shi a hasken ultrabayolet na wani lokaci yana rage launin. Irin wannan kada a fasa shi ko a goge shi da abin da zai kankare shi. Ga mai farawa, gilashin 50 mai ƙofar 1.7 ko 1.8 ko 2 daga kowane babban kamfani shi ne mafi aminci, domin an ƙera su da yawa kuma tsarinsu ya nuna tun da daɗewa. Bayansa sai 135 mai 2.8 ko 3.5. Tsofaffin gilasai masu zuƙowa, wato masu sauya tsawon hange, yawanci ba su kai waɗannan ba, kuma suna wahalar da na'urar hana rawa tunda lambarsu tana sauyawa. Gilasai masu faɗin hange na kyamarori irin Leica M, masu tazarar milimita 27.8, suna da tasu matsalar: bayansu yana kusantar sensa sosai, haske yana sauka a gefe a karkace, sai kusurwoyi su dushe ko su yi launin shunayya, kuma irin Jupiter-12 bayansa yana shiga ciki har yana iya taɓa wani abu a wasu jikunan.

Kada a sa ran tsohon gilashi zai yi abin da sabo ke yi. Waɗanda aka ƙera kafin rufi mai hawa-hawa ya yaɗu a farkon shekarun 1970 suna saurin wankewa idan rana ta shiga bakinsu, don haka hular gilashi mai yi masa inuwa, ko tafin hannu a sama da shi, tana gyara hoto fiye da yadda ake zato. Yawancinsu suna da laushi a buɗe, su yi kaifi sosai idan an tsuke mataki biyu. Wasu kuma ana neman su ne saboda abin da injiniya zai kira aibi, kamar Helios 44 mai milimita 58, wanda aka gina a kan tsarin Biotar na Zeiss, da yake murɗa bayan hoto kamar guguwa idan akwai ganyaye da ɗigon haske a bayan mutum. Masu bidiyo ma suna son su saboda doguwar tafiyar zoben fokas da tsayawarsa a wuri ɗaya.

Wajen sauyawa, a kashe kyamara, a fuskantar da bakinta ƙasa, a fara haɗa adafta da gilashi sannan a ɗora su tare, kuma a hure bayan gilashin da abin hura iska na roba kafin ya kusanci sensa. Idan gilashin mai nauyi ne, kamar 200 ko 300, shi ake tallafa da hannun hagu, a kan sanda mai ƙafa uku kuma a ɗaure ta ƙafar gilashin ko ta adaftar, kada nauyin ya rataya a bakin kyamara. Wurin ajiya ya zama busasshe mai samun iska da ɗan haske, da ƙunshin silika mai tsotse danshi a kusa, ba cikin tsohuwar jakar fata da ke riƙe danshi ba, kuma duk gilashin da aka ga fumfuna a cikinsa a ware shi daga sauran har sai mai gyara ya buɗe ya wanke shi.